An bar jaki ana dukan taiki: Chris Davis da fushin magoya bayan Baltimore

Daga tsakiyar watan Satumba na 2018 zuwa 13 ga Afrilu na 2019, Chris Davis, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles, ya tsaya da sanda a hannu gaban masu jifa sau 54 a jere, a lissafin hukuma, ba tare da ya samu bugu mai kyau ko da guda ɗaya ba. In aka cire masu jifa, waɗanda dama ba don bugu ake ɗaukarsu ba, babu ɗan wasan da ya taɓa shiga ƙamfa mai tsawon haka a tarihin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, domin Eugenio Vélez da ya riga shi a 46 ya tsaya. Ƙamfar ta yanke ne a filin Fenway da ke Boston, a zagayen farko na wasa, lokacin da Davis ya doki jifar Rick Porcello, ƙwallon ta faɗi inda babu mai tarewa, abokan wasansa biyu suka ruga suka ci maki. Ya roƙi a ajiye masa ƙwallon. A lokacin albashinsa dala miliyan 23 ne a shekara, kuma ƙungiyar ba ta taɓa ƙulla kwantiragi mai tsadar nasa da kowa ba.

Mutanen Baltimore sun yi masa ihu a filinsu na Camden Yards, sun caccake shi a shirye-shiryen rediyo da kafafen sada zumunta, har sunansa ya zama abin da ake ambata duk lokacin da ake neman misalin asarar kuɗi a wasanni. Ni ban ga laifin fushinsu ba. Mutumin da ya cire kuɗin tikiti daga albashinsa, ya ɗauko 'ya'yansa zuwa fili, ya kuma biya kuɗin talabijin don kallon ƙungiyar da ya gada daga mahaifinsa, yana da haƙƙin ya nuna ɓacin ransa idan abin da aka shimfiɗa masa bai kai abin da aka yi masa alkawari ba. Abin da nake jayayya a kansa shi ne inda fushin ya sauka. Mafi yawansa ya sauka a kan mutum ɗaya da ƙarfinsa ya ƙare a idon jama'a, alhali waɗanda suka yanke shawarar sayensa a wannan farashi, suka ci gaba da tura shi fili, suka kuma tafka wasu kurakurai da suka fi nasa illa, suna zaune a ofis babu mai yi musu ihu.

Wanda bai saba da wasan ba yana bukatar ya san wahalar aikin da ake magana a kai. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da ɗoriya, kuma ƙwallon takan zo da gudun da ya kai kilomita 150 a sa'a, wani lokaci ta lanƙwasa ko ta nutse dab da isowarta. Mai bugu ba shi da ko rabin daƙiƙa da zai gane irin jifar, ya yanke shawara, ya kai sanda. Shi ya sa wanda yake samun bugu mai kyau sau 30 cikin zuwa 100 ake ƙirga shi cikin gwanaye, matsakaicin ɗan wasa kuma yakan tsaya wajen 25. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, saboda haka wanda hannunsa ya kwanta ba shi da mako guda da zai huce, gobe ma sai ya fito gaban mutanen da suka yi masa ihu jiya. Raguwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba a saurin hannu ko kaifin gani ta isa ta mai da gwani abin tausayi.

Davis kuwa ya taɓa zama gwani na gaske. Baltimore ta karɓo shi daga Texas Rangers a 2011, kuma a 2013 ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 53, irin bugun da ake kira homron, wanda babu wanda ya kai shi a duk gasar a shekarar, kuma babu ɗan Orioles da ya taɓa yin haka a kaka ɗaya. A 2014 ya faɗi ƙasa da 20 cikin 100, aka kuma dakatar da shi wasa 25 saboda amfani da maganin Adderall ba tare da izinin hukumar gasar ba a wannan shekara. A 2015 ya dawo da homron 47, ya sake zama na ɗaya, amma a wannan kakar masu jifa sun kore shi sau 208 ta hanyar jifa uku da ya kasa doka. Wato duk abin da mai saye yake bukatar sani yana rubuce a fili kafin a sa hannu a takarda: mutum ne mai ƙarfin bugu ƙwarai, mai yawan kuskure ƙwarai, wanda kaka ɗaya yana sama ta gaba yana ƙasa, kuma yana dab da cika shekara 30.

Duk da haka a watan Janairu na 2016 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara bakwai a kan dala miliyan 161. An jinkirta biyan miliyan 42 daga ciki, abin da ya sa Orioles za ta ci gaba da tura masa kuɗi har zuwa 2037, lokacin da zai kai shekara 51. Wakilinsa Scott Boras ne, wanda ya yi suna wajen tatsar masu ƙungiyoyi, kuma aikinsa ke nan, babu mai zarginsa da yin abin da aka ɗauke shi ya yi. A ɗaya ɓangaren teburin akwai Peter Angelos, lauyan da ya yi arziki daga shari'o'in ma'aikatan da sinadarin asbestos ya cutar, ya sayi ƙungiyar a 1993. 'Yan jaridar da ke bin ƙungiyar sun yi ta ba da rahoto cewa Angelos da kansa ne ya fi kowa son a riƙe Davis, kuma sun lura cewa babu wata ƙungiya da ta fito fili tana takara da Baltimore a wannan farashi. Dan Duquette ne ke kula da sayen 'yan wasa, Buck Showalter kuma shi ne koci, amma kuɗi mai yawan haka ba ya fita sai da amincewar mai ƙungiya.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Darasin bai ɓoyu ga kowa ba a 2016, domin Philadelphia ta riga ta ba Ryan Howard, wanda shi ma, kamar Davis, mai tsaron tashar farko ne (ɗaya daga guraben tsaron fili) mai bugu da hagu kuma mai yawan kuskure, ƙarin shekara biyar a kan dala miliyan 125, kuma duk gasar tana kallon yadda wannan ciniki ya zame mata kaya. Los Angeles Angels ma ta ba Albert Pujols shekara goma a kan miliyan 240 bayan ya haura 30, kuma raguwarsa ta fara bayyana tun shekarun farko. Bayan shekaru akwai wani abin da ya shafi Davis kai tsaye. Ƙungiyoyi sun fara amfani da kwamfuta suna tattara inda kowane mai bugu yake yawan tura ƙwallo, suka gano cewa ta Davis kusan kullum ɓangaren dama take nufa, sai suka riƙa kwashe masu tsaron fili suna jibge su a can. Ƙwallon da a da za ta wuce ta zama bugu mai kyau sai ta riƙa faɗawa hannun mutumin da aka ajiye yana jiranta. Wannan dabara ta yi ƙamari har hukumar gasar ta taƙaita ta a 2023, lokacin da Davis ya riga ya bar wasa. Ofishin da zai kashe miliyan 161 ya kamata ya auna wannan duka, kuma ƙungiyoyin da suka auna ba su shiga cinikin ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cewa shekara guda kafin nan wannan ofishin ya nuna tsantseni a inda bai kamata ba. Nelson Cruz ya zo Baltimore a 2014 da kwantiragin shekara ɗaya na dala miliyan 8, ya buga homron 40, ya taimaka ƙungiyar ta ci wasa 96 ta lashe rukuninta. Da kaka ta ƙare Seattle ta ba shi shekara huɗu a kan miliyan 57, Baltimore ta ƙi zuwa shekara ta huɗu saboda tana ganin ya manyanta, ya tafi. A Seattle ya buga 44, da 43, da 39, da 37. Ba na cewa ofis zai iya sanin gaibu, domin tsawon ƙarfin Cruz ya ba kowa mamaki. Amma ƙungiyar da ta ji tsoron miliyan 57 saboda shekaru, sannan ta zuba kusan ninki uku na wannan kuɗi a kan wani na tsawon shekara bakwai, ba ta tafiya a kan wata ƙa'ida ɗaya da za a iya karewa. Ta ga magoya baya sun ji haushin tafiyar Cruz da wani ɗan wasanta Nick Markakis, sai ta nemi wanke kanta da babban ciniki.

Sai daren 4 ga Oktoba na 2016 a Toronto, wasan sili ɗaya ƙwale wanda duk wanda ya faɗi kakarsa ta ƙare. Orioles tana da Zach Britton, mai jifar rufe wasa da ya kammala kaka mai ban mamaki: sau 47 aka ba shi amanar kare nasara, sau 47 ya kare. Wasa ya yi kunnen doki har zagaye na 11, Showalter bai kira Britton ba, yana ajiye shi sai ƙungiyarsa ta shiga gaba, ya miƙa ƙwallo ga Ubaldo Jiménez, Edwin Encarnación ya fitar da ita bayan katanga, aka tashi 5 da 2. Mafi ƙwarewar mai jifa da suke da shi bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Wannan shi ne wasan ƙarshe da wannan zubin na Orioles ya buga a matakin neman kofi, kuma babu hannun Davis a shawarar da ta kashe shi.

Kakar 2018 ce ta tona komai. Davis ya samu bugu mai kyau 79 kacal cikin zuwa 470, wato ƙasa da 17 cikin 100, mafi ƙanƙanta da aka taɓa rubuta wa ɗan wasan da ya buga cikakkiyar kaka, kuma an kore shi sau 192. Ƙungiyar ta ci wasa 47 ta faɗi 115, Boston da ke saman rukunin ta ba ta ratar wasa 61. A nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Ma'aunin da masana alƙaluman wasan ke amfani da shi ya nuna cewa raunin Davis a shekarar ya jawo wa ƙungiyar asarar kimanin wasa uku, idan aka kwatanta shi da ɗan wasan cike gurbi da za a iya ɗaukowa daga ƙananan ƙungiyoyi. A cire shi gaba ɗaya, a sa wani, ƙungiyar za ta ci wajen 50, har yanzu tana can ƙasan kowa. To sauran ratar daga ina ta fito?

Ta fito ne daga shekarun da aka yi ana sakaci. Baltimore ta miƙa Jake Arrieta ga Chicago Cubs a 2013 bayan ta kasa gyara shi, a 2015 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Ta yi shekaru tana kau da kai daga kasuwar matasan Latin Amurka, musamman Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, inda sauran ƙungiyoyi ke haƙo taurari tun suna 'yan shekara 16, har takan sayar wa wasu da kason kuɗin da hukumar gasar ta ware mata don wannan kasuwa. Ta bari Manny Machado, mafi hazaƙar ɗan wasan da ta raina a wannan zamani, ya kai shekararsa ta ƙarshe babu sabon kwantiragi, sannan ta miƙa shi ga Los Angeles Dodgers a watan Yuli na 2018 lokacin da darajarsa a musaya ta riga ta ragu, bayan watanni San Diego ta ba shi miliyan 300 na shekara goma. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi ƙamfar Davis tsada, sai dai babu ɗaya da ake gani da ido ƙarfe bakwai na yamma a fili. Sakacin ofis ba ya sa riga mai lamba ya fito sau huɗu a dare yana kai sanda iska. Davis ne ke yin haka, shi ya sa shi ne ya sha ihun.

Akwai hujjar da masu ihu ke kawowa, kuma ba ta da rauni. Suna cewa mutumin da ke karɓar miliyan 23 a shekara ba abin tausayi ba ne, kuma idan dabarar abokan hamayya ta toshe masa dama, wajibinsa ne ya koyi tura ƙwallo hagu inda aka bar fili a buɗe. Jim Palmer, tsohon gwarzon mai jifa na Orioles da ya koma sharhin wasa a talabijin, ya fito a watan Mayu na 2018 ya nuna shakku a kan ko Davis yana yin aikin gyaran da ake cewa yana yi. Maganar mutum irin Palmer tana da nauyi a Baltimore, kuma na yarda cewa ɗan wasa yana da alhakin neman gyara da dukkan ƙarfinsa. Idan an ga kasala ko rashin damuwa, ihu ya halatta. Amma sauya salon bugun da mutum ya gina rayuwarsa a kai tun yana yaro, a shekara 32, gaban masu jifa mafi ƙwarewa a duniya, abu ne da ƙalilan suka taɓa iyawa. Kuma salon da ake so ya bari shi ne ainihin abin da aka biya miliyan 161 dominsa. Davis da kansa ya gaya wa 'yan jarida cewa halin da ya shiga ya kai shi ga tunanin barin wasan, wanda ba maganar mutumin da bai damu ba ce.

Game da kuɗin kuma, kwantiragin MLB tabbatacce ne, ko ɗan wasa ya yi kyau ko ya lalace sai an biya shi, kuma masu ƙungiyoyi sun san haka kafin su sa hannu. Tsarin gasar yana riƙe matashi shekara shida kafin ya samu 'yancin sayar da kansa a kasuwa, kuma a farkon waɗannan shekaru ana biyansa ƙasa da darajarsa nesa ba kusa ba. Lokacin da Davis ya buga homron 53 albashinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya riƙa karɓa daga baya ba, kuma ban ji wanda ya ce ƙungiya ta ƙara masa don adalci ba. Wanda ya ce ya mayar da kuɗi a shekarun faɗuwa ya kamata ya faɗi haka a shekarun da ƙungiya ta ci ribarsa da araha.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane ne ke rubuta sunansa a jerin masu fita fili. Ɗan wasa ba ya sa kansa. A 2018 Davis ya buga wasa 128, a 2019 ya buga 105, alhali kowa ya ga abin da ke faruwa. Kuɗin ya riga ya tafi ko ya buga ko bai buga ba, don haka abin da ya rage wa ofis shi ne ya zaɓi wanda zai fi amfanar ƙungiya a wannan gurbi, ko ya ba wani matashi dama ya koyi aiki. Sallamarsa tana nufin mai ƙungiya ya amsa a bainar jama'a cewa cinikin da ya fi kowanne tsada a tarihinsa kuskure ne, kuma wannan amsawar ce aka yi ta gudu. An zaɓi a riƙa fitar da mutum kullum gaban jama'ar da ta fusata da a ce an yi kuskure. A ganina wannan zalunci ne ga magoya baya, zalunci ne kuma ga Davis. Da aka kai watan Agusta na 2019 har sai da aka riƙe shi a benci yayin wata sa-in-sa da sabon koci Brandon Hyde, kyamarori suna ɗauka.

Wata hujjar ita ce magoya bayan da kansu ne suka matsa a riƙe shi a ƙarshen 2015, kuma gaskiya ne da yawansu sun yi murna ranar da aka sanar. Wannan bai wanke ofis ba. Mai goyon baya yana magana ne da zuciya da kuma abin da idonsa ya gani bara, kuma ba shi da likitocin ƙungiya, ba shi da masu nazarin alƙaluma, ba shi da rahoton masu leƙen 'yan wasa. Ana biyan shugabannin ƙungiya ne don su ga abin da mai zama a kujerar kallo ba zai gani ba, su kuma jure fushinsa na wata uku don su tsare shi daga baƙin cikin shekara shida. Shugaban da ya bi sowar jama'a ya sa hannu, sannan ya bar ɗan wasa ya ɗauki zafin sakamakon shi kaɗai, ya gaza sau biyu.

Ana yawan kawo labarin Trea Turner a matsayin maganin wannan matsala. Philadelphia ta ba shi shekara 11 a kan miliyan 300, ya shafe watanni huɗu na farkon 2023 yana fama, sai a ranar 4 ga Agusta magoya bayan birnin, waɗanda aka sani da zafin rai, suka miƙe tsaye suna tafa masa duk lokacin da ya fito. Washegari ya buga homron, ya kuma ƙare kakar cikin mafi ƙwarewa a gasar, har ya sayi allunan talla a birnin yana gode musu. Labari ne mai daɗi, kuma ya nuna cewa ihu ba shi ne kaɗai harshen da mai goyon baya ke da shi ba. Amma kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Turner tangarɗa ya samu, ƙafarsa da hannunsa da idonsa suna nan, abin da ya kwance masa natsuwa ce, tafi kuwa yana iya dawo da natsuwa. Davis ƙarfinsa ne ya tafi, kuma babu tafin da ke dawo da saurin hannu. Mutanen Baltimore ma sun gwada: a daren 8 ga Afrilu na 2019 da ya zarce Vélez, 'yan kallo 6,585 ne kacal a Camden Yards, kuma da yawansu ƙarfafa masa gwiwa suka yi. Bayan ƙamfar ta yanke ya ƙare kakar da 18 cikin 100, a 2020 ya buga wasa 16 babu homron ko ɗaya, aka yi masa aiki a ƙugu, ya sanar da ritaya a watan Agusta na 2021. Bambance tangarɗa da ƙarewar ƙarfi shi ne ainihin aikin ofis, kuma ba aikin mai tikiti ba ne. Ya dace a ambata cewa a tsakiyar wannan hali, a ƙarshen 2019, shi da matarsa sun ba asibitin yara na Jami'ar Maryland gudummawar dala miliyan 3, a birnin da ake yi masa ihu.

Magoya bayan Baltimore sun san hanyar ofis idan sun ga dama. A watan Satumba na 2006, a tsakiyar kaka 14 a jere da ƙungiyar ta yi tana faɗuwa fiye da ci, kimanin mutum 1,000 sun sayi tikiti, sun shiga fili, sannan suka tashi gaba ɗaya suka fice a tsakiyar wasa don nuna adawa da Angelos. A watan Agusta na 2023, da aka ɗauke mai sharhin talabijin Kevin Brown daga aiki bayan ya ambaci yadda ƙungiyar ta sha kashi a gidan Tampa Bay a shekarun baya, 'yan kallo sun yi ta rera kiran a dawo da shi, 'yan jarida a duk ƙasar suka ɗauka, cikin kwanaki ya koma kujerarsa. Ba kullum ake nasara ba. Mutanen Oakland sun cika fili su 27,759 a ranar 13 ga Yuni na 2023 suna kiran John Fisher, mai ƙungiyarsu, ya sayar da ita, bai sayar ba, kuma bayan kakar 2024 ya kwashe ta daga birnin. Amma ko a can sun cim ma abu ɗaya, domin duk wanda zai ba da labarin tashin ƙungiyar daga Oakland sunan mai ita zai kira, ba zai ce wani mai tsaron tasha ne ya kasa bugu ba. A Baltimore kuwa, idan aka ambaci 2018, sunan Davis ne ke fara zuwa bakin mutane.

Hujja mafi ƙarfi cewa ciwon a ofis yake ita ce abin da ya biyo bayan sauya ofishin. An kawo Mike Elias daga Houston a watan Nuwamba na 2018 ya maye gurbin Duquette, ya gina sashen nazarin alƙaluma, ya shiga kasuwar Latin Amurka har ƙungiyar ta buɗe sabuwar makarantar horar da matasa a Jamhuriyar Dominika a farkon 2024, ya zaɓo Adley Rutschman da Gunnar Henderson a 2019. Magoya baya sun haɗiye kakar faɗuwa 108 da ta faɗuwa 110, sannan a 2023 ƙungiyar ta ci wasa 101, kuma a duk wannan lokaci tana biyan Davis kuɗinsa. Ashe kwantiraginsa bai taɓa zama abin da ya hana gini ba. A 2024 iyalan Angelos suka sayar da ƙungiyar ga David Rubenstein da abokansa a kan darajar dala biliyan 1.725, ninki kusan goma na miliyan 173 da aka saye ta a 1993, duk da kurakuran da aka lissafa a sama.

Sabon ofishin ma bai kamata a ɗaga masa ƙafa ba. Bayan kakar 2024 babban mai jifarsu Corbin Burnes ya tafi Arizona a kan miliyan 210. Ba na cewa lallai sai an biya wannan kuɗi, domin Burnes ɗin ya ji rauni a gwiwar hannu bayan 'yan watanni. Amma ƙungiyar da ke da matasan da suka isa neman kofi, ga sabon mai ita attajiri, ta cike gurbin ne da Charlie Morton mai shekara 41 da Tomoyuki Sugano mai shekara 35, kowanne na shekara ɗaya. Morton ya fara kakar 2025 yana shan kashi wasa bayan wasa, fushin jama'a ya koma kansa kamar yadda ya taɓa komawa kan Davis, ƙungiyar ta ci 15 ta faɗi 28, aka kori Hyde a watan Mayu. A ƙarshen Yuli aka tura Morton Detroit. Elias da ya haɗa jerin masu jifar, da Rubenstein da ya amince da kasafin, sun ƙare kakar a kujerunsu, ƙungiyar tana ƙasan rukuninta. Su biyun ne ya kamata mutanen Baltimore su tsare da tambayar dalilin da ya sa aka shiga kaka mai muhimmanci haka da mutum mai shekara 41 a gurbin Burnes, da kuma wanda ya auna haɗarin ya ce a tafi a haka.